Yadda Mama Take Tashin Mai Barci

Ran Alhamis ce. Ƙarfe shida na safe Mama ta zauna a bakin katifata, ta ɗora tafin hannunta a ƙafata, ta kira sunana ƙasa-ƙasa. Saratu. Ta jira. Saratu. Haka take tashin kowa tun muna yara. Ba ta girgiza mutum, ba ta buga ƙofa. Takan ce a ajin baftisma aka koya mata cewa tawali'u ba kayan sawa ranar Lahadi ba ne, a gida ake gane shi, kuma mai barci amana ne a hannun wanda ya zo tashinsa. Matan zumuntar coci suna tsokanarta da Mama Sannu, don ko kaza ta yi tuntuɓe da ita sai ta ce mata sannu. Ni ban gado ta ba. Bakina barkono ne, duk layinmu an sani.

Gidan haya muke a bayan Titin Bauchi, ɗaki takwas a jere, rufin kwano ɗaya. Ɗakin ƙarshe na Baba Garba ne, tsohon tela, Musulmi, wanda ubansa ya zo Jos zamanin haƙar kuza. Kunnensa ya yi nauyi, ga ciwon zuciya. Likita ya ce wa 'ya'yansa kada a firgita shi. Mama ta ji wannan maganar sau ɗaya, ta riƙe ta.

Mijina ya tafi aiki Bukuru ƙarfe bakwai. Na kasa tumatir a ƙofar gida kamar kullum. Sha ɗaya da rabi na ga masu shago suna rufewa, ba mai yi wa wani sallama. Masu keke suna wucewa da gudu babu fasinja. Sha biyu da kwata na ji ƙarar farko daga nesa, sai ta biyu. Hayaƙi ya tashi ta ɓangaren Tina Junction. Na kwashe tumatir na shiga ciki.

Ƙarfe ɗaya saura kwata ihu ya shigo layinmu. Ban ga fuskar kowa ba, har yau ban san su waye ba. Warin fetur na fara ji. Wani yana kururuwa, "Ku fita! Ta baya! Ta baya!" Na goya jaririyata, na kama hannun Rahila, 'yata mai shekara huɗu. Maƙwabta sun riga sun fara tsallake katanga. Ɗakin farko na gidanmu ya kama da wuta.

Mama ta tsaya a tsakar gida tana duban ɗakin ƙarshe. Labulen a sauke yake. Baba Garba yakan kwanta kafin azahar, 'ya'yansa kuma suna kasuwa. Bai ji komai ba.

Ta shiga. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa a gefen shimfiɗarsa, ta taɓa ƙafarsa, ta ce, "Baba." Ta jira. Kwano yana ƙara a samanmu, zafi ya fara saukowa. Ta sake taɓa shi, ta sake jira.

Na ce, "Ki ja shi! Ki ja shi mana!"

Ba ta waiwayo ba. Hannu kawai ta ɗaga mini, alamar in rage murya. Wannan hannun ne ya tunzura ni. Na ce, "Wannan sanyin naki shi zai kashe mu. To ki zauna!" Na juya. Tsoro nake ji, amma haushi ya fi yawa, ba zan yi ƙarya ba.

Na cilla Rahila kan katanga, wata mata ta karɓe ta, ni ma na haura da goyona. Muka gangara rafi, muka ratsa gonakin kabeji. Takalmin Rahila ya fita, ban tsaya ba. Ƙarfe biyu muka fito kan titi inda sojoji suka tare hanya. "Hannu sama! Ku wuce!" Muka wuce. Duk takun da na ji a bayana sai na waiwaya. Ina ta gaya wa kaina tana zuwa, tafiyarta ce dai a hankali. Ƙarfe huɗu wata motar dankali ta kwashe mu. Biyar da rabi muka isa gidan yayar mijina a Daɗin Kowa. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon hanya har aka kafa dokar hana fita.

Kwana uku ba mu iya komawa ba. Rana ta huɗu mijina, wanda ya same mu a can, ya je gidan. Ya dawo, ya wanke hannunsa ya daɗe yana wankewa.

Baba Garba ya tsira. Bayan sati biyu babban ɗansa ya kawo shi gaisuwa. A bakin Baba Garba na ji sauran. Ya ce ya buɗe ido ya gan ta, bai ko razana ba. Ta sa masa takalmi, ta ba shi sandarsa, ta riƙe hannunsa har katanga, wasu samari suka ɗauke shi. Suka miƙo mata hannu ita ma. Ta ƙi. Ba ta ga fitata ba, kuma ba ta yarda zan tafi in bar ta ba. Ta koma ɗakinmu neman ni da yara. Ya ce bai ji komai ba, amma ta kan katanga ya ga bakinta yana motsi, sunana take kira. Sai rufin ya faɗo.

Mun binne abin da aka samu a ƙaramin akwati. Katifa, tukwane, takardun makaranta, duk mun sake samu a hankali. Baba Garba ya ƙara shekara uku a duniya. Rahila ta girma, ba ta tuna ranar.

Ba mu da hotonta ko ɗaya, duk sun ƙone. Fuskarta tana nan, ina ganinta. Muryarta ce ta fara ɓace mini, don dama ba ta da ƙarfi, yanzu ko na rufe ido na nema ba na samu. Tawa ta ranar kuwa ina jinta sarai, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba.