Ragowar Muryar Ƙararrawa

Ƙararrawa ake ce masa, saboda murya. Allah ya ba bawan nan maƙogwaro, ko gyaran murya ya yi a tsakar gida sai kajin maƙwabta sun watse. Shekara ashirin da wani abu sana'arsa ɗaya: zaɓe ya matso, a ɗora shi a bayan mota, lasifika huɗu a saman kansa, ya yi ta kiran sunan ɗan takara tun hantsi har faɗuwar rana. Bai iya karatu ba, sau ɗaya ake karanta masa takarda ya haddace. Ruwan sanyi kuwa ba ya sha ko zafi zai kashe shi, kullum wuyansa naɗe da ƙyalle.

Ɗaki biyun da yake ciki da matarsa da 'ya'ya biyar, na Ciyaman ne, shugaban jam'iyya na unguwar.

To, sai muryar ta fara dishewa. Likita ya haska masa maƙogwaro da tocila ya ce, "Baba, ka ƙara kamfe ɗaya, sai dai ka koma magana da hannu."

Shi kuwa, Allah Sarki, akwai abin da yake ajiye wa muryar. Ladanin masallacinsu ya tsufa, liman ya riga ya ce masa, "Bayan Baba Ladan, kai ne." Ya sha gaya wa matarsa, "Na yi wa mutane ihu ya isa. Ragowar ta Allah ce."

Ana haka sai rediyo ta ce an kai ƙudiri majalisa, wai za a gyara dokar kamfe, a hana yawo da lasifika cikin unguwanni. Tun daga ranar rediyo ba ta bar kunnensa na dama ba, don na hagun lasifika ta gama da shi tuntuni.

Matar ta ce, "Baban yara, ka je ka gaya wa Ciyaman ba za ka iya ba mana."

"Da wane bakin? A ɗakinsa nake kwana. Bari doka ta gaya masa, ita ba ta da katifar da za a jefo waje."

Aka ce an yi wa ƙudirin karatu na farko, aka ce an yi na biyu. Ya ce, "Ni da ban je makaranta ba sau ɗaya ake karanta mini." Yana sallah yana roƙo, matar ma tana taya shi.

Wata safiya sai ga mota a ƙofar gida, Ciyaman yana ƙwala kira.

"Ƙararrawa! Za a raba ka da abincinka kana zaune kana jin rediyo? Hau, ka gaya wa jama'a ba ma son dokar nan!"

Ya waiwaya. Matar na bakin ƙofa, shanyar yara na kan igiya.  Sai ya gyara ƙyallen wuyansa ya hau.

Mako uku yana zagaya gari yana zagin dokar da yake roƙon Allah ta tabbata. Kuma bai iya aiki rabi-rabi ba, abin da ya cuce shi ke nan. Jama'a suka taru, majalisa ta ce ta ɗage maganar sai bayan zaɓe. Ciyaman ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Har da ƙoƙarinka, mutumina."

Aka shiga kamfe. Kwana goma sha ɗaya, a bakin kasuwa, yana tsakiyar sunan ɗan takara muryar ta ɗauke. Direba ya ɗauka waya ce ta tsinke, ya sauko yana bubbuga na'ura. Da yaran Ciyaman suka gane, ba su damu ba, ashe sun naɗi muryarsa tun ranar farko. Suka kunna, shi kuma ya tako gida da ƙafa.

Ba a yi wata ba Baba Ladan ya kwanta ciwo. Azahar ta yi, liman ya miƙa wa Ƙararrawa makirufo, ko Allah zai sa. Ya ɗora hannu a kunne, ya buɗe baki. Iska kawai ta fito. Wani tela ya karɓa ya yi kiran.

Yanzu shi ke kakkaɓe tabarmin masallaci. Jiya yana cikin shara motar ta wuce, muryarsa na tashi rangaɗau tana kiran sunan ɗan takara. Ya tsaya da tsintsiya a hannu har ta yi nisa. Ɗakin dai har yau ba a tashe su ba.