Hannayen Aro

Ni akanta ne a wani kamfanin sufuri da ke Utako, kuma ni na shirya lissafin da ya sa maigidana ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ke ci min rai shi ne, an gargaɗe ni tun ina ɗan shekara tara, a wani ƙauye bayan Kuje, ina zaune da gasasshiyar doya a cinyata.

Kakata ta wajen uwa Gbagyi ce. Har ta koma ga Allah ban taɓa ganin ta ɗora kaya a ka ba, sai a kafaɗa, wai kai sarki ne, ba a sa sarki dako. Idan an gama haƙar doya, da an ci tuwon yamma sai ta hura wuta a tsakar gida, ta cusa ƙananan doya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Hausarta ta kasuwa ce, mace ma "ya zo" take ce mata. In muka yi dariya ta ɗaga itacen tona wuta ta ce, "Ku da kun iya, me kun saya da shi?" Ni kuwa mijinta take kirana, mijin da bai taɓa ba da kuɗin cefane ba.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata," haka take fara tatsuniya. Mu ce, "Ta zo ta zauna."

Wai an yi wani manomin doya da ba ya son gayya, don in mutane suka taru suka yi maka noma, kai ma dole ka je ka yi musu. Sai ya hau dutse wajen wata tsohuwa mai ba da aron hannaye. Hannaye zalla, ba kai, ba ciki, kowanne riƙe da garmarsa. Sharaɗi ɗaya ne: ranar haƙa, kowane hannu a ba shi doya goma.

Ya ari goma. Kafin rana ta take, gonar da ke cinye masa wata guda ta tashi kunya-kunya. A nan Kaka takan rage murya, ta miƙa hannayenta a gaban wuta, inuwarsu ta hau bangon ɗaki tana sara. Wallahi tsigar jikina tashi take yi. Ina ganin gonar da idona, garemani suna sama suna ƙasa, ba mutum ko ɗaya, ba waƙa, ba tari, sai ƙarar ƙasa.

Damina ta yi kyau. Ya sallami hannaye, abin da ya rage ya cika rumbu uku. Shekara ta zagayo ya ari ɗari, ta sake zagayowa ya ari dubu, har gonarsa ta kai inda ido ba ya kaiwa. Mutanen gari suka fara cire masa hula.

Sai ruwa ya ɗauke. Doya ta fito kamar yatsun yaro. Ranar haƙa hannaye suka jeru a ƙofar gidansa, kowanne a buɗe. Ya ce su dubi sama, su dubi gona, su yi haƙuri zuwa baɗi.

"Hannu yana da kunne?" Kaka ta tambaye mu.

"Babu!"

"To, da me zai ji haƙuri?"

Suka kwashe rumbuna, suka kwashe irin shuka. Da aka ƙirga, saura hannu ɗaya ba a biya ba. Tsohuwa ta sauko daga dutse ta ce ba komai, ya kawo nasa biyun. Kaka ta karkaɗe toka daga doya, ta ce, "Ta tashi ta tafi, wanda ya riƙe ta shi ya sani." Na tambaye ta ko aron ne laifi. Ta harare ni. "Mijina, kanka kamar tulu, ba ruwa. Goma ya cuce shi? Ka ari wanda za ka iya ciyarwa a shekarar da ba ruwa."

Shekaru suka tafi, na yi karatu, na samu aiki wajen Alhaji, mai kamfanin sufurin. Da tuƙi ya fara, ya tara motoci goma sha biyu, ba wanda ke bin sa ko kwabo. Sai masu harkar kuɗi suka zo da shawara: kamfani ya sayar da takardun lamuni, wato masu kuɗi su ba mu rance, mu riƙa biyansu ruwa tsayayye duk wata shida, mu sayi motoci tamanin. Tsofaffin motocin da tasharmu su ne jingina.

Na zauna da kwamfuta, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya burge ni ƙwarai. Naira ɗaya ta Alhaji tana jan shida na mutane, ribar duka bakwai ɗin tana zuwa masa bayan an cire ruwa. Na kuma gwada lissafin mummunar shekara, na ga ba za mu kai ba. Alhaji ya leƙo ya ce, "Akanta, yaya?" Fuskarsa cike da murna, ga baƙi suna jira. Na rufe wancan shafin na ce, "Oga, lissafi ya yi kyau."

Ranar da motocin suka iso, farare, a jere tun daga bakin tasha har kan titi, na tsaya baki buɗe ina ta subhanallahi. Shekara biyu muna kwasar kuɗi. Daga nan mai ya yi tsada, kayan gyara suka tashi, fasinja suka ragu. Masu takardun ba mugaye ba ne, wasunsu kuɗin 'yan fansho suke juyawa, su ma ana jiransu. Ranar biya dai ba ta matsawa. Aka kwashe sababbin motocin, ba su isa ba, aka haɗa da tsofaffin.

Yanzu na gane tatsuniyar ba ta tsaya kan manomin kaɗai ba. Shi ko ba komai ba shi da wanda zai ƙirga masa. Alhaji yana da ni, albashi yake biyana don in ƙirga.

Watan jiya na je Apo gyaran motata, na tarar da Malam Sale, direban Alhaji na farko, zaune a kan tsohuwar taya yana kallon ana kwance injin motar da ya tuƙa shekara goma sha biyar. Dattijo ne mai 'ya'ya bakwai. Ya tashi ya gaishe ni da ladabi, har da rusunawa.

"Oga Akanta, don Allah in tambaye ka. Mu jahilai ne, sitiyari muka sani. Amma kai da ka yi boko, ba ka hango ba?"

Na so in ce ƙaddara ce, kuma na san zai karɓa, har ya yi min addu'a.

Na ce, "Baba, na hango."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya koma kan tayarsa ya zauna.