Bilya Gabas da Rufin Gidan Barunde

A unguwarmu ta Malam Inna, in ka ce Bilyaminu sai a tambaye ka wanne daga ciki. In ka ce Bilya Gabas kuwa, ko mai kayan miya zai nuna maka gidansa. Sana'arsa kula da aikin gini. Ba ya ɗora bulo, ba ya buga ƙusa, shi dai yake tsayawa tsakanin mai gida da masu aiki don ya ga an yi abin da aka ce a yi.

Sunan nan a gidan Malam Ja'afaru ya samo shi, aikin farko da aka danƙa masa shi kaɗai. Ana tsakiyar gini matar gidan ta leƙo, ta ce ƙofar banɗakin baƙi ba ta yi mata ba, tana kallon falo, a mayar da ita ɗaya bangon. Birkila ya ce an gama, ya mayar. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ƙofa ai ƙofa ce. Da mai famfo ya zo sai ya yi abin da ya saba, ya kafa masai yana fuskantar ƙofa. Bilya ya zo ya ga tayil yana ƙyalli, har ya yaba. Ranar da aka tara dattawa addu'ar shiga sabon gida, surukin Malam Ja'afaru, tsoho mai kawaici, ya ɗauki buta ya shiga. Bai daɗe ba ya fito da butarsa a cike, ya tsaya bakin ƙofa ya tambaya a hankali, wai shin a gidan nan ina ne gabas. Kowa ya nuna. Tsoho ya waiwaya ya dubi masan, kowa ma ya duba. Alƙibla yake kallo sak.

An fasa tayil, an tone bututu, an juya shi. Gida ya gyaru, suna kuma ya zauna.

Tun daga ranar hankalin Bilya bai ƙara kwanciya a kan aiki ba. Har wani ɗan kwas ya je na masu kula da ayyuka, ya dawo majalisarmu yana ba mu labari kamar wanda ya dawo daga asibiti da sunan ciwonsa. Ya ce ashe abin da ya same shi sananne ne. Aiki hannuwa ne da yawa, kowa ya iya nasa, amma dole a samu mutum guda da zai haɗa kansu. Kafin a sari ƙasa a san wa ya ba da izinin farawa, me aka amince a yi, maganar wa ce ta ƙarshe. Tsari ya zama guda, kowa shi yake kallo. Abin da ya fi shiga ransa shi ne batun canji: duk wanda yake son a sauya wani abu, ko ƙusa ce, sai maganar ta bi ta hanya ɗaya, an ji wa da wa ta shafa, sannan mai maganar ƙarshe ya ce a yi ko a bari. Muka ce to ai wannan ko kakarmu ta sani. Ya ce ƙwarai ta sani, amma ba ta zo gidan Malam Ja'afaru ba.

Sai ya ɗauki wata ɗabi'a. Kowace safiya zai tara masu aiki a tsaye, in akwai abin da aka sauya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Wannan ya taɓa ka?" Matarsa Zulfa ta ce ko randa za ta matsar a tsakar gida sai ya tsaya yana nazarin wanda abin zai shafa.

Bana aka ba shi gidan Hajiya Saudatu a Barunde. Ma'aikaciyar gwamnati ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, kuma an riga an ba wani ma'aikaci gidan kwatas ɗin da take ciki, yana jira ta fita. Filin nata a gangare yake, inda ruwa ke saukowa da ƙarfi. In damina ta samu ginin babu rufi, babu magudana, ruwa zai ci ƙarƙashin harsashi, ita kuma ta kwashi 'ya'yanta ta koma raɓe a gidan yayanta, Alhaji Wakili, a Dawaki. Abin da ba ta so ke nan, duk da ba ta taɓa faɗa da baki ba. Ranar farko Bilya ya tambaye ta a gaban Alhajin, maganar wa zai bi. Ta ce tata. Alhaji ya yi dariya ya ce ai gidanta ne. Aka tsaya a kan ɗakuna da falo da kicin, a rufe kafin ruwan fari.

Aiki ya tafi daidai har gini ya kai linta, wato ɗaurin simintin saman ƙofofi da tagogi, zafi kuma ya tsananta irin wanda ke zuwa dab da ruwa. Bilya ya rame. Da yamma a majalisa ana hira, shi idonsa na sama yana neman hadari. In iska ta ɗan kaɗa sai ya ajiye kofin shayi.

Wata safiya ya tafi kasuwa duba kwanon rufi. Da ya dawo ya tarar an ja igiya a gaban gidan, Jaji birkila yana cikin rami har gwiwa, Alhaji Wakili kuma yana zaune a kan bulo da lema. Ashe Alhaji ya zo ganin aiki, ya ga gaban gidan yana kallon hanya, ya ce a ƙara shago, ƙanwarsa ta samu abin riƙe kanta tunda albashi ya tsaya. Jaji bai ga ta inda zai ce wa dattijo a jira ba, sai ya ɗauki diga.

Bilya ya tsaya ya yi lissafi. Kafinta ya riga ya yanka katako a kan awon farko. Ramin da ake tonawa ya ratsa daidai inda magudana za ta bi. Ga shi Alhaji abokin mahaifinsa ne, mutumin da ya halarci sunansa. Irin wannan ba a duban idonsa a ce masa ba maganarsa ake bi ba, balle a gaban leburori. Kuma shawarar tasa ba ta banza ba ce.

Ya durƙusa ya gaishe shi, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar jikoki. Ya yaba tunanin shago. Sannan ya nemi izini ya kira Hajiya don ta ji alherin da yayanta ya kawo. Ya buɗe muryar wayar, ya ɗora ta a kan bulo kusa da Alhaji, ya kira masu aiki suka tsaya kamar yadda suka saba. Ya fara da kafinta, Abdulaziz.

"Abdulaziz, shagon nan ya taɓa ka?"

Abdulaziz ya ce ya taɓa shi sosai, don sai an sake fasalin rufin gaba ɗaya, busasshen katako kuma ya yi wuya a kasuwa. Mai famfo ya ce magudana sai ta zagaya, in ta zagaya kuma bangon maƙwabci za ta nufa, sai an je an yi magana da shi. Jaji, daga cikin raminsa, ya ce shi kam zai gina, amma linta sai ta bushe kafin a ɗora mata komai, ba ta jin lallashi. Babu wanda ya ce kada a yi. Kowa nasa kawai ya faɗa.

Alhaji ya gyara zaman lemarsa ya ce, "Bilyaminu, shari'a ka kawo ni?"

"Wane ni, Baba. So nake Hajiya ta ji da kunnenta."

Sai Hajiya ta yi magana ta wayar. Ta gode wa yayanta, ta yi masa addu'a, ta ce shago kam sai an yi shi, kuma ba ta yarda kowa ya tsaya a kansa ba sai shi. "Amma Hamma, a bar ni in shiga inuwata tukuna. In ruwa ya ɗauke, shago naka ne."

Alhaji ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya shiga mota ya tafi. Aka cike ramin, yinin ya tafi a banza.

Daga nan aka shiga tsere da sama. Bilya ya bar zuwa majalisa. Zulfa ta ce abinci ma a tsaye yake ci. Ranar da hadarin farko ya haɗo baƙi ƙirin, saura layin kwano na ƙarshe ta wajen kicin. Abdulaziz yana sama yana bugu, Bilya yana ƙasa ya rungume tsani, bakinsa bai bar addu'a ba. Ruwa ya sauko kafin a gama. Kicin ya sha, har gawayin Hajiya da aka riga aka kawo ya jiƙe. Amma ɗakuna da falo ko ɗigo, magudana kuma ta kwashe ruwan gangaren ta wuce da shi ba tare da ya taɓa harsashi ba. Washegari aka ƙarasa kwanon, Hajiya ta tare a gidanta. Alhaji Wakili ya zo addu'a, ya amsa gaisuwar Bilya a taƙaice, kuma har yau a taƙaicen yake amsawa.

Bilya bai yarda aiki ya ƙare ba sai da ya miƙa makulli hannu da hannu, ya zaunar da masu aiki a kan su faɗi abin da ya tafi daidai da wanda za a kiyaye gaba. Su kuwa idonsu na kan tiren shinkafar da Hajiya ta aiko.

Da ya dawo majalisa muka yi masa barka. Ya sha shayinsa har ƙasan kofi, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Sai wani ya kasa haƙuri, ya ce to Malam Bilya, a gidan Barunden ina ne gabas, ko mu ma sai mun shiga da buta mun bincika?

Bilya bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku je ku duba, ni kaina na duba har na gaji. Amma ku rage murya, Hajiya ta ce za ta kira ni, wai ta yi wani ɗan tunani a kan tagar falo. Cikinku wa ya ga Abdulaziz yau?"