Mushe Yakuba, Mai Ɗaure Jimla da Igiyar Guga

Da an sallame sallar asuba a unguwarsu ta Garin Malam, Mushe Yakuba (mushe ake ce wa malamin boko a nan) ba ya komawa shimfiɗa. Zai kurɓi kununsa a tsaye, ya ɗaure jaka a bayan wata tsohuwar moto, wato babur, wadda sai an tura ta take yarda ta tashi, ya kama hanyar Gaffati. Can gaba da Gaffati akwai wani ƙauye mai ɗan ƙaramin kwaleji, aji huɗu, biyu na siminti, biyu na zana. A nan ya shekara ashirin da shida yana koyar da Ingilishi, shi kaɗai tilo, ga ƴaƴan manoman gero da gyaɗa waɗanda Faransancin ma da ƙyar ya zauna musu a baki. Bana ya ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba wanda ya tashi ya yi jawabi, shi ya sa muka ga bai kamata mu ma mu yi gum ba.

Duk wanda ya zauna jarrabawar birebe, wadda ake gama kwaleji da ita, ya san inda Ingilishi ke kayar da yara. Gajeriyar jimla ba ta gagarar kowa. Amma da an zo inda za a haɗa biyu su zama ɗaya, a ce mutumin da ya yi kaza, ko matar da ɗanta ya tafi wuri kaza, wato fagen su who da which da whose, sai aji ya yi tsit. A shekarunsa na farko Mushe ya bi littafi sau da ƙafa: ya cika allo, yara su kwafe, ranar jarrabawa su zubar a ƙofar aji. Littafin kuwa ba abin da ke cikinsa sai jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara da wani Bature mai yawo da kare.

Da abin ya ishe shi, wata rana ya aro igiyar guga a hannun Nomau mai gadin makaranta, ya kora ajin duka zuwa gindin gawo. Ya ba kowane yaro ɗan allo mai kalma ɗaya, ya jera su layi biyu, kowane layi jimla guda. Sunan da aka maimaita a layi na biyu, mai riƙe da shi ya koma ya zauna, mai kalmar haɗi ya maye gurbinsa, a miƙa igiya daga farkon layi har ƙarshe, kowa ya riƙe, a karanta gaba ɗaya. Doka ɗaya ya kafa: jimlar ta kasance gaskiya ce, kuma a kan wani ɗan ƙauyen. Indo ce matar da ke soya ƙuli-ƙuli a bakin kasuwa, wane kuwa shi ne mutumin da jakinsa ya faɗa rijiya. Kafin a jima mutanen gari sun fara ratsowa ta gindin gawo don su ji an ambaci sunansu da Ingilishi. Nomau har yau yana mita, wai igiyarsa ce amma sau biyu kacal aka sa shi a jimla.

Wani mai duba makarantu ya taɓa zuwa ya tarar da su a haka. Ya ce wannan ba ya cikin tsari, ya yi kama da masu shayar da shanu. Mushe ya ce to, ya raka shi har bakin mota, washegari ya sake ɗauko igiyarsa.

Sai dai koyarwa a fili da cikin ajin zana tana cin maƙogwaro. Yara kusan casa'in, iska na kaɗawa, aji na kusa na rera nasa karatun, dole ka ɗaga murya tun safe har azahar. Shekara uku da suka wuce muryarsa ta soma dishewa, ya riƙa lallaɓa ta da citta da zuma. A watan Fabrairun bana ya gamu da Zahra'u a wajen wani suna. Tsohuwar ɗalibarsa ce, yanzu ma'aikaciyar jinya a cikin Damagaram. Gaisuwa kawai suka yi ta ji abin da ba ta so, ba ta kuwa bar shi ba sai da ta kai shi gaban likitan maƙogwaro. Likita ya duba, ya ce wani tsiro ya fito daidai inda murya ke fita. Magani zai iya kwantar da shi, amma sai Mushe ya kame bakinsa wata uku cur. In ya ci gaba da ihu a aji, muryar za ta tafi, kuma ba lallai ta dawo ba.

Wata huɗu ya rage a yi birebe. Ajin ƙarshe na da yara tamanin da bakwai, ko igiya ba a kai ga ɗaukowa ba. Adam, shugaban makarantar, ya rubuta takarda har sau uku yana neman wanda zai riƙe ajin. Ba wanda ya zo.

Kwana goma sha ɗaya Mushe ya yi a gida bakinsa rufe, matarsa Ramlatu na tsaron ƙofa tana sallamar masu zuwa dubiya. Ya gaji da kwanciya, ya gaji da lissafin kwanakin da ke wucewa, ya kuma san babu kowa a gaban allon nan. Rana ta goma sha biyu ta fito ta same shi yana ɗaure jaka a bayan moto. Da raɗa ya yi mata alkawarin ba zai yi magana ba, sanda kawai zai riƙa nuni da ita.

Ta ce, "Malam, wata nawa ya rage ka ajiye aikin nan gaba ɗaya? Ƴaƴan mutane za su sami wani mushe wata rana. Kai wa zai ba ka wata muryar?"

Ya tura moto ya kama hanya. Ita kuwa ba ta ce masa a dawo lafiya ba, amma da ya isa lakwal, wato makarantar, ya tarar da gorar ruwan zuma a cikin jaka.

A yi masa adalci, ya cika alkawari mako biyu. Sanda na nuni, igiya na tafiya, yara na jeruwa daidai. Amma Ingilishi ba a karanta shi yadda aka rubuta, kuma yaron da bai taɓa jin kalma ba ba zai ƙago ta da kansa ba. Ya tsaya yana jin baki tamanin da bakwai suna murɗe kalma ɗaya, ya buga sanda, suka sake murɗe ta. Sai ya buɗe baki ya faɗe ta. Daga ranar bai ƙara yaudarar kansa ba. Zuwa watan Mayu, cikin zafin nan da ko tsuntsu ba ya motsi, raɗa kaɗai yake iyawa: ya faɗa wa na gaba a kunne, na gaba su miƙa wa na baya. A haka ya kai su ƙarshen littafi.

Mushe, kai ne ka mai da gindin gawo aji. Kai ne ka sa mai soya ƙuli-ƙuli ta ji sunanta cikin harshen da ba ta taɓa zaton yana da wurinta ba. Dogon haƙuri, mai tura moto. Ba mu ce ka yi daidai da ka ƙi jin likita ba, Ramlatu ba za ta yafe mana ba in muka ce haka. Mun dai san ba kai ya kamata a bari da wannan zaɓi ba, kuma abin yana mana ciwo.

Sakamako ya fito a Yuli. Cikin tamanin da bakwai, hamsin da ɗaya suka haye, sauran suka koma gona. Ba abin al'ajabi ba ne, aikin mutum ɗaya ne da ya kai iyakarsa. A makon Zahra'u ta mayar da shi wurin likita. Likita ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye fitilarsa ya ce a ci gaba da addu'a. Yanzu in Mushe na son kiran matarsa daga zaure, tafi yake yi. Ramlatu ta ce ba ta jin haushin yaran ko kaɗan, ta dai gaji da juyowa duk lokacin da wani ya tafa hannu a titi.

Oktoba na tafe, za a koma makaranta, kuma gurbin malamin Ingilishi a wannan ƙauye har yanzu fanko ne. Ku matasan malamai da takardarku ta ce ƙauye, ku je. Hanyar ba daɗi, ajin na zana ne, ba za mu yi muku ƙarya ba. Amma ku je tun wanda ke can yana da sauran ƙarfi, kada ku bari sai ya ƙare.

Kai kuwa, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya, Ya sanyaya zuciyar iyalinka. Mun gode, Mushe. Ba sai ka amsa ba.