Wuyan da Baba Ya Hana Surukinsa Gani

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar Baba, kuma Allah Ya sani, har yau in na tuna sai haushi ya riga hawaye zuwa.

Lokacin tutar Faransa ba ta daɗe da sauka ba. Majo ɗaya, wato malamin asibiti, ke duba marasa lafiya a Dakoro, kuma shi ne maigidana. Mutane daga Sabon Maci da Ɗan Gulbi suna tahowa kan jaki don ya taɓa su. Baba kuwa, da katanga ɗaya ta raba mu, ba dama a taɓa shi, wai surukuta.

Mutanenmu daga bakin hamada suka gangaro, namiji ba ya sauke amawali gaban surukinsa. Da ƙullutu ya fito wa Baba a gefen wuya, sai ya ƙara naɗin rawani. Inna ce ta tsegunta mini. Na ce ya bari a duba shi.

"Mijin 'yata zan kwance wa rawani? Ke dai gaya masa yadda abin yake."

Shi ma gogan nawa, maimakon ya kutsa, sai ya sunkuyar da kai, wai ba zai keta alfarmar tsoho ba. Ni na zama 'yar aike tsakanin manyan maza biyu. Yana zafi? Ba ya zafi. Girmansa fa? Kamar ƙwan zabuwa. Da wannan aka yanke cewa maƙoƙo ne, tunda shi ya cika gari. Damina ta wuce ana shan maganin maƙoƙo.

Sai da murya ta dushe, fura ta daina wucewa, ya yarda aka kai shi Maradi. Can, gaban baƙon likita, ya kwance rawanin ba gardama. Aka yanki ɗan nama aka aika ƙasar waje. Kafin amsa ta dawo mun yi sadakar arba'in. Aka ce ciwon daji ne na tsoka, irin wanda ba kasafai ake gani ba.

Yau ga na'urar hoto, ga masu gwajin nama a cikin ƙasa. Da Baba zai leƙo, na san zai yi tsaki ya ce zamani ya tsiraita mutane. To, amma na'ura ba ta ganin wuyan da aka bari a gida, kuma har gobe ina ganin dattawan da ke ɓoye ciwo don kunya.

Rawanin yana cikin akwatina, mutuncinsa ma har yanzu ana zancensa. Ni dai da uban nake so a bar mini.

Ranar da aka yi wa Baba wankan gawa ne maigidana ya fara ɗora hannu a wuyan. Ya fito ya tsaya bakin zaure, bai iya dubana ba.

"Tauri gare shi kamar dutse, Hadiza. Da sau ɗaya na taɓa, da ban ce maƙoƙo ba."