Goron da Na Kai wa Mai Unguwa Saboda Balan-balan

A unguwar Nima aka haife ni, kuma duk ɗan Nima ya iya katse magana a tsakiya. Kana cikin ciniki ko faɗa, sai jirgi ya taso daga filin jirgin da ke bayanmu, kwanon rufi ya ɗauki rawa. Kowa ya yi shiru, jirgi ya wuce, a ci gaba daga inda aka tsaya. Mun saba har ba ma ɗaga kai.

Gyaran waya nake yi a kasuwar Circle. 'Yata ta fari tana ajin ƙarshe a sakandare lokacin da ta zo mini da wani zane. Wai za ta haɗa 'yar na'ura mai faɗin inda take, ta ɗaura wa balan-balan mai iskar hiliyom, ta sake shi sama, mu riƙa bin tafiyarsa a waya. Makarantarsu na da gasar kimiyya a ƙarshen zangon karatu, kuma sharaɗin malaminsu shi ne abin ya tashi kafin ranar. Na yi mata dariya, na ce wayoyin mutane ma sun ishe ni. Amma ni na riƙe mata ƙarfen dalma duk Asabar, har na'urar ta fito, ba ta kai akwatin ashana nauyi ba.

Muka tsayar cewa daga saman benen maƙwabcinmu za a sake shi. A unguwar zango irin tamu ba ka tara mutane ba tare da manya sun sani ba, don haka na sayi goro, na ɗauke ta muka je wajen mai unguwa bayan la'asar. A ganina izini ya ƙare ke nan. Tsohon ya juya na'urar a tafin hannunsa, ya ce, “Wannan ɗan abu ne zai tafi sama? To, Allah shi kai shi.” Ya ɗaga hannu ya fara addu'a, muka ɗaga namu.

Ana tsakiyar addu'ar jirgi ya taso. Muka yi shiru, hannuwa a sama. Ni ƙasa nake kallo, ita kuwa ta ɗaga kai ta bi jirgin da ido har ya ɓace. Da muka shafa muka fito, ta ja mini hannun riga.

“Baba, ba za mu sake shi a Nima ba.”

Raina ya ɓaci. Na ce mata goro ya riga ya shiga hannu, maƙwabta sun ji, kuma wane irin jirgi ne abin da bai kai ashana ba zai kayar?

“Direban jirgi bai san nauyinshi ba, Baba,” in ji ta. “Abu kawai zai gani a gabanshi, ga mutane cike a bayanshi. Mai unguwa na da unguwa, amma sama akwai masu shi.”

Ta rubuta wa hukumar da ke kula da zirga-zirgar jiragen sama, ta faɗi nauyin na'urar, girman balan-balan, da inda take son sakinsa. Ni na kai takardar, ina tafe ina mita a cikin trotro, motar haya. Na tabbata babu wanda zai karanta wasiƙar yarinya daga zango. Kwanaki suna tafiya, gasa tana matsowa. Sau biyu na ce mata mu hau bene da sassafe mu sake shi, wa zai sani? Ta ce ita za ta sani. Na kwana biyu ba na yi mata magana sosai, kuma yau ina jin kunyar hakan.

Amsa ta zo ana saura kwana kaɗan. Ba su hana ba. Sun ce ba a Nima ba, ba kusa da filin jirgi ba. Sun ce ta zaɓi fili nesa da gari, ta ba su rana da lokaci tun da wuri don a sanar da matuƙa, ta kuma kira wata lamba kafin ta saki. Amma ranar da ta samu sai bayan gasar.

Haka ta je gasa da balan-balan a naɗe cikin leda da wasiƙa a hannu. Ba ta ci kyautar komai ba. Ta dawo ta shige ɗaki, na ji kukanta ta bayan labule, na kasa shiga. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi yawa.

Ranar da aka sa, muka bi hanyar garin Dodowa da tukunyar iska a tsakanin ƙafafuna. A wani fili mai ciyawa muka hura shi, bai ma cika ba, yana lilo kamar rigar da aka shanya. Ta kira lambar ta sa a lasifika. Wata mata ta ɗauka, ta tambayi inda muke, ta ce mu dakata. Muka tsaya rana tana dukanmu, zare a hannun 'yata. Can matar ta dawo ta ce hanya a buɗe take, ta ƙara da yi mata fatan alheri.

Ta buɗe yatsunta. Ya tashi a hankali har ya zama ɗigo, sannan wani ɗigon ya bayyana a wayata yana tafiya gabas. Kwana da kwanaki mai unguwa yana aiko a tambaye ni ina ɗan abu ya kai.

Yanzu tana karatun injiniya, kuma wasiƙar tana manne a bangon shagona. Tun ina yaro jiragen nan suke katse mini magana, ban taɓa tunanin akwai mai amsawa a can ba. Ranar nan a filin ciyawa 'yata ce ta yi magana, su kuma suka saurara.