Ranar da Na Tayar da Hajiya Tsaye

A wani dogon hutu na damina Baba ya sa ni makarantar koyon Turanci a tsakiyar birnin Kano. Da sassafe nake ratsa gonaki daga ƙauyenmu na wajen Minjibir, raɓar gero na jiƙa min bakin hijabi, in hau bas. Makarantar a saman wani shagon tayoyi take, ajin kullum warin sabuwar roba.

Kusa da ni wata Hajiya mai sayar da atamfa ke zama, sa'ar kakata, fensirinta soke a ɗankwali. Rubutu bai taɓa ba ni wahala ba, buɗe baki ne matsalata. Malama ta ce wanda bai yi magana a gwajin baka ba, ba zai wuce aji na gaba ba. Baba kuwa ya riga ya ce idan ban wuce ba, na gama zuwa makarantar ke nan.

Gwajin bibbiyu ake yi: ɗaya ya ba da umarni da Turanci, ɗayan ya bi. Aka haɗa ni da Hajiya, ni ce mai umarnin. A gidanmu ko ruwa zan miƙa wa babba sai na durƙusa. Ta yaya zan dubi wannan baiwar Allah in ce ta tashi tsaye? Ranar da muka fara gwadawa, kalmomin na bakina, amma ban san lokacin da gwiwata ta kai ƙasa ba. Aji ya ɗauki dariya.

Da aka tashi, Hajiya ta zuba min dafaffiyar gyaɗa a hannu.

"Ke, kina da kaka?"

"Ina da ita, Hajiya."

"Ita ma haka kike mata, kamar an aiko ki gaisuwar mutuwa?"

"A'a. Ita tsokanarta nake yi."

"Me kike ce mata?"

Na sunkuyar da kai. "Tsohuwa mai cinye mana fura."

Ta yi dariya har haƙorin Makkanta ya bayyana. "To daga yau ni ce kakar. Kika sake yi min ladabi, sai na ci tararki."

Ranar gwajin na kalli fensirin ɗankwalinta, na ce ta tashi. Ta dafa gwiwa tana nishin ƙarya. Na ce ta je ƙofa, ta buɗe, ta rufe, ta dawo ta zauna. Tana zama na ce ta sake tashi.

"Malama, a ba jikar nan makinta kafin ta karya ni," in ji ta.

Malama ta rufe baki da takarda, kafaɗunta na rawa.

Da yamma na tarar da Baba a bakin gona yana wanke fartanya. Na durƙusa na gaya masa na wuce. Ya ce gobe in fita da wuri, hadari na haɗuwa.